Kun Tambaya, Mun Amsa: Neman Takardar 'Yan Sanda da Kwafin Shari'a

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun karkata ga batu guda, wato yadda mutum zai nemi takarda daga hannun 'yan sanda ko daga kotu game da kansa, ko game da wata shari'a da ta shafe shi. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su, domin magana ce da ta taɓa mutunci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, kuma na samu aiki a wani asibiti a Birtaniya. An ce sai na kawo takardar 'yan sanda da ke nuna ba a taɓa samu na da laifi ba. Wani mutum ya ce in ba shi kuɗi da hotona, zai kawo mini ita har gida ba sai na je ko'ina ba. Na taɓa yin aiki na shekara biyu a Saudiyya. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sa alheri a tafiyar. Kafin komai, kada ki ba wa mutumin nan ko sisin kwabo. Abin da ake nema a wurinki shi ne takardar shaidar kyawun hali ta rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma ginshiƙinta zanen yatsunki ne. Ana ɗaukar zanen yatsun mai nema, a gwada shi da abin da ke ajiye a babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi ta rundunar, wadda ta daɗe tana Alagbon a unguwar Ikoyi ta Legas ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, sannan a rubuta abin da aka gani. Duk takardar da aka kawo miki gida alhali ba ki ɗora yatsunki a kan na'ura ba, to babu binciken da aka yi a kanki, kuma akwai yiwuwar a wani shagon kwamfuta aka ƙera ta.

A yau ta intanet ake fara neman, a shafin POSSAP da rundunar ta buɗe domin ayyukan da take yi wa jama'a a kan kuɗi. Za ki buɗe asusu da sunanki, ki tabbatar da ke ce ta hanyar lambar NIN, ki zaɓi takardar shaidar kyawun hali, ki ɗora ƙaramin hotonki da shafin farko na fasfo, ki faɗi dalilin neman da ƙasar da za ki. Shafin ne zai fitar miki da takardar biya, kuma adadin da ya nuna shi kaɗai ne kuɗin gwamnati. Bayan kin biya sai ki je cibiyar da kika zaɓa, da ƙafarki, riƙe da fasfo da shaidar biya, a ɗauki zanen yatsunki. Idan lalle ne a hannunki, gara ki bari ya dusashe, kuma kada ki shafa mai a ranar, domin na'urar takan ƙi karɓar yatsan da zanensa bai fito sarai ba.

Inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen suna. Za ka ga mace ɗaya tana da Muhammad a fasfo, Mohammed a katin NIN, sannan takardun makaranta suna ɗauke da sunan garinsu a ƙarshe, ko kuma ta koma amfani da sunan miji a wasu takardu ta bar na mahaifi a wasu. Haka ma ranar haihuwa. Jami'in da zai duba takardunki a waje bai san wannan al'ada tamu ba, abin da zai gani kawai shi ne mutane biyu mabambanta. Saboda haka ki shimfiɗa fasfo da NIN da takardar aikin gefe da gefe, ki bi su harafi bayan harafi, kuma duk abin da ya saɓa ki gyara shi tun kafin ki nemi takardar 'yan sanda.

Kada kuma ki yi gaggawar karɓarta. Wa'adinta gajere ne, wata uku aka saba ba ta, don haka ki daidaita neman da lokacin da za ki miƙa takardun biza. Game da Saudiyya, ƙa'idar Birtaniya ga masu aikin lafiya da koyarwa da kula da jama'a ita ce su kawo irin wannan shaida daga duk ƙasar da suka zauna tsawon wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce. Shekarunki biyu sun shiga ciki, kuma 'yan sandan Najeriya ba su da ikon yin shaida a kan zaman da kika yi a wata ƙasa, don haka ki tuntuɓi ofishin jakadancin Saudiyya tun yanzu, domin ta wata ƙasa ta fi cin lokaci. Wasu ƙasashen kan buƙaci a kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatiminta, sannan ofishin jakadancinsu ya buga nasa. Ki tambayi masu ɗaukar ki aiki ko suna son hakan.

Na tsananta a kan ɗan tsakanin nan ne saboda idan asiri ya tonu ke za a riƙe. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kot, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai ƙera takardar jabu, kuma wanda ya yi amfani da ita yana sane hukuncinsu ɗaya, sannan Birtaniya kan haramta wa wanda ya yi yaudara a neman biza shiga ƙasarta har shekara 10.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. A shekarar 2016 wani abokin hulɗata ya kai ni caji ofis a kan kuɗin kaya, na kwana biyu a tsare, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka kai mu kotun majistare. Daga baya manya suka shiga tsakani, na biya shi, muka yafi juna, kowa ya daina zuwa kotu. Yanzu ina neman bizar Amurka. Shin wannan magana za ta fito? Ko in yi shiru tunda ta wuce?

Amsa: Alhaji, a wurinka da abokin hulɗarka maganar ta wuce, amma ban ga abin da ke nuna ta wuce a wurin kotu ba, kuma wannan ya fi damu na a kan batun biza. Da aka kai ku gaban majistare, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya shigar da takardar tuhuma ta farko, wadda ma'aikatan kotu ke kira FIR, aka ba ta lamba, aka buɗe mata fayil. Sulhun da aka yi a zaure ba ya rufe wannan fayil sai an je an shaida wa alƙali, ya amince, ya rubuta. Idan ba a yi haka ba, ɗayan abu uku ne ya faru: ko dai kotu ta gaji da jira ta kori ƙarar, ko tana nan a buɗe ba a ce komai ba, ko kuma an ba da sammacin kama ka saboda ka daina halarta, an kuma nemi wanda ya tsaya maka beli. Wajibi ne ka san wanne ne a ciki.

Hanyar sani ita ce ka koma kotun da aka yi zaman, ofishin magatakarda, wanda aka fi kira rajistara. Ka rubuta takardar roƙo zuwa gare shi, ka sa sunan masu shari'a kamar yadda aka rubuta a lokacin, wato Kwamishinan 'Yan Sanda da kai, da lambar ƙara, da shekara, ka ce kana neman kwafin zaman shari'ar da umarnin ƙarshe da kotu ta bayar, wanda aka tabbatar da ingancinsa. Lauyoyi da ma'aikatan kotu CTC suke ce masa. Idan lambar ta ɓace maka, ka duba takardar beli, ko ka tambayi lauyan da ya tsaya maka, ko a bi babban littafin rajista na wannan shekarar, inda ake shigar da kowace ƙara da kwanan watanta. Ina ba ka shawara ka tura lauya ya fara dubawa kafin ka bayyana da kanka, saboda idan akwai sammaci a kanka shi ne zai roƙi kotu ta janye shi cikin mutunci.

Ka lura da abin da za a ba ka. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya fayyace siffar kwafin da doka ta yarda da shi: a biya kuɗin da aka ƙayyade, jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta a ƙasanta cewa wannan kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata, da sunansa, da muƙaminsa, da sa hannu, da hatimi idan ofishinsa na da shi. Hoton takarda da wani masinja ya ɗauko maka a ɓoye ba shi da wannan daraja ko da abin da ke cikinsa daidai ne. Ka biya a inda aka ce a biya, ka karɓi rasit, ka haɗa shi da kwafin ka adana, domin Kotun Ƙoli ta riga ta yanke cewa biyan kuɗin yana cikin sharuɗɗan ingancinsa.

Idan ka karɓa, ka sa a karanta maka sakin layi na ƙarshe da kyau. Akwai bambanci babba tsakanin a sallami mutum kawai da a sallame shi a kuma wanke shi. Wanda aka kori ƙararsa don masu ƙara sun daina zuwa an sallame shi ne, kuma ana iya sake gurfanar da shi a kan wannan tuhuma. Wanda aka wanke kuwa, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake yi masa shari'a a kan laifin, sai dai da umarnin kotun da ke sama. Duka biyun ba hukuncin laifi ba ne, kuma wannan sashe ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Kwana biyu a tsare ba ya mayar da kai wanda aka taɓa ɗaurewa.

Ko za ta fito a takardar 'yan sanda? Abin da ma'ajiyar ta fi dogara da shi shi ne hukuncin da kotuna suka yanke. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta ce a kafa babbar ma'ajiya ta ƙasa da ƙanana a kowace rundunar jiha, kuma a aika sakamakon kowace shari'ar laifi cikin kwana 30 da yanke ta. Jihohi sun yi irin wannan doka tasu, ta Kano ta fito a 2019. Sashe na 15 kuma shi ne ya wajabta ɗaukar hoto da zanen yatsun wanda aka kama, wato abin da aka yi maka. Matsalar da ake samu ita ce a shigar da labarin kamu amma labarin sallama bai biyo baya ba, kuma a nan ne kwafin kotu yake zama garkuwarka, domin da shi za ka rubuta wa rundunar ka nemi a gyara.

Batun yin shiru kuwa, a'a. Takardar neman bizar Amurka tana tambaya ne ko an taɓa kama ka ko an taɓa yanke maka hukunci, ko da daga baya an yi maka afuwa. Amsarka ta gaskiya ita ce e, an taɓa kama ka, ga kuma takardar kotu da ke nuna yadda aka ƙare. Rikicin kuɗin kaya da aka sasanta ƙaramin abu ne a idonsu idan aka gwada shi da ƙarya a takarda, wadda kan iya rufe wa mutum ƙofar ƙasar har abada. Zan ƙara da abu guda, ko don 'yan kasuwa masu karanta mu: sashe na 8 na waccan dokar ta 2015 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki zalla. Mai kai abokin cinikinsa caji ofis don a tsorata shi ya biya, ya sani yana bar masa tabon da zai bi shi shekaru bayan an manta da kuɗin.

Tambaya: Ni dattijo ne a Gusau. Wani yaro baƙo yana neman auren 'yata, na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa ya taɓa zaman gidan yari a wata jiha. Zan iya zuwa wurin 'yan sanda su duba mini?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Binciken da kake son yi haƙƙin 'yarka ne a kanka, kuma babu mai ganin laifinka. Sai dai 'yan sanda ba za su buɗe maka bayanan wani ba, kuma daidai ne da ba za su yi ba. Ba a fitar da takardar shaidar kyawun hali sai da zanen yatsun mai ita, sannan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana a miƙa bayanan mutum ga wani ba da izninsa ko wani dalili na doka ba. Idan ka samu wanda ya ce zai leƙa maka a asirce, abin da zai kawo maka ba hujja ba ne, kuma a ƙasar da dubban mutane ke amsa suna ɗaya, da sauƙi a jingina wa yaron laifin wani.

Hanya biyu ce a buɗe. Ta farko, ka sa waliyyansa su tambaye shi kai tsaye, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba ka nemi ya je da kansa ya karɓo takardar ya kawo maka. Ta biyu, idan ka san garin da kotun da aka ce an yi shari'ar, to zaman kotu a bainar jama'a ake yin sa, hukunci kuma takardar hukuma ce da lauya zai iya neman kwafinta. Banda shari'ar ƙananan yara, wadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce a rufe bayananta. Akwai kuma rajistar masu laifin fyaɗe da cin zarafi da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ta ƙaddamar a watan Nuwamba na 2019, inda ake iya ganin waɗanda kotu ta samu da laifi, abin da ya kamata masu makarantu su riƙa dubawa kafin su ɗauki malami ko mai gadi.

Amma ka sani, Baba, takarda mai tsabta tana nufin ba a samu hukunci a rubuce ba ne kawai. Ba za ta faɗa maka yadda yake da mahaifiyarsa ba, ko abin da ya raba shi da matarsa ta fari idan ya taɓa aure. Wannan sai an tura mutum garinsu ya zauna da mai unguwa da limami da abokan sana'arsa. Idan kuma ta tabbata ya yi zaman, ka nemi sanin ko hukunci aka yanke masa ko jiran shari'a ya yi, domin mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan masu jiran shari'a ne da ba a tabbatar musu da laifi ba.

Tambaya: Mijina ya rasu, aka yi shari'ar gado a kotun shari'ar Musulunci, aka yanke hukuncin da ban gamsu da shi ba. Na nemi kwafin shari'a don in ɗaukaka ƙara, amma yau mako uku ke nan kullum sai a ce in dawo gobe, mai buga takarda ba ya nan. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Abin da ya fi gaggawa a maganarki shi ne lokaci. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga irin wannan kotu galibi kwana 30 ne daga ranar hukunci, kuma kin riga kin cinye aƙalla 21. Kada ki jira kwafi. Ki je ki shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara a cikin wannan makon, ki biya kuɗinta, ki karɓi rasit, domin ita ce ke tsayar miki da wa'adi, kuma da zarar an shigar da ita kotun sama ce za ta nemi a aiko mata da kundin shari'ar. Ko da wa'adin ya kuɓuce ana iya roƙon ƙarin lokaci, amma roƙo ne da sai kin kawo uzuri, alƙali kuma yana iya ƙi.

Game da kwafin, daga bayaninki na fahimci da baki kike ta nema, shi ya sa babu abin da za ki nuna. Ki rubuta roƙon a takarda, da Hausa ma ya wadatar, ki yi kwafi biyu, ki miƙa ɗaya, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan ki tafi da shi. Idan mako ya zagayo babu labari, ki kai kuka sashen sufetocin kotuna ko ofishin babban magatakarda na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiharku, wadda ke ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, ki haɗa da waccan takarda mai hatimi. Kundin Tsarin Mulki bai ɗauki wannan abu da wasa ba: sashe na 294 ya ba manyan kotuna kwana bakwai su ba wa masu shari'a kwafin hukunci, sashe na 36 kuma ya ba wanda aka yi wa shari'ar laifi irin wannan haƙƙi a kowace kotu. Idan ba ki da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tana da ofishi a kowace jiha, haka ma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata a irin halinki.

Idan kwafin ya zo, ki sa wanda kika amince da shi ya karanta miki tun daga farko, ki tabbatar an rubuta sunayen magada duka, da iyakokin gida ko gona, da abin da shaidunki suka faɗa, domin kotun sama da abin da ke rubuce take aiki. Ina kuma jan hankalin duk wanda aka taɓa yi wa rabon gado ko shari'ar fili, ko da shi ya yi nasara, da ya karɓi kwafinsa ya ajiye tun yanzu. Mafi yawan fayilolin kotunanmu a takarda suke, ruwa da gara da gobara suna cin su, kuma mun ga yadda aka fasa Babbar Kotun Jihar Kano a zanga-zangar watan Agusta na 2024 aka yi awon gaba da takardu.

Tambaya: An sace mini babur ɗin da nake haya da shi, na kai rahoto caji ofis. Mai babur ɗin ya ce sai na kawo shaida a rubuce. Ni kuma ina son in ga abin da binciken ya gano. Za su ba ni?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Shaidar cewa ka kai rahoto haƙƙinka ce. Kowane caji ofis yana da littafin da ake shigar da ƙorafi da kwanan wata da lokaci, kuma abin da za a ba ka shi ne kwafin abin da aka rubuta a ciki, wanda ake kira ekstirak. Ka rubuta wa DPO, ka faɗi ranar da ka kai rahoton da lambar babur da ta inji, galibi kuma za a nemi ka haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Wannan hanya ce ake bi idan takardar fili ko ta makaranta ko fasfo ya ɓata, kuma ita ma tana cikin ayyukan da ake nema ta shafin POSSAP.

Fayil ɗin bincike kuwa ba za a damƙa maka shi ba muddin ana kan aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga hukuma a rubuce ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, amma sashe na 12 ya ware abin da fitar da shi zai ɓata bincike ko ya tona asirin wanda ya tsegunta. Duk da haka kana iya neman a gaya maka inda aka kwana, kuma idan za su hana, dole su faɗi dalili a rubuce, kai kuma kana da kwana 30 ka kai maganar kotu. Idan wani ya nemi na goro kafin ya ba ka abin da ya zama haƙƙinka, ka kai ƙara sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a.

Tambaya: A Maraɗi aka haife ni, takarduna na Nijar ne, amma na shekara 10 ina zaune a Kano. Ina neman zama a Kanada. Takardar wace ƙasa zan kai?

Amsa: Malam, duka biyun za ka kai, matuƙar ka yi wata shida a jere a kowacce bayan ka cika shekara 18, domin wannan ce ƙa'idar Kanada, ko da yake wasu tsare-tsarenta shekara 10 na baya kaɗai suke dubawa. Ta Najeriya za ka bi hanyar da muka bayyana wa Malama a sama, da fasfonka na Nijar da shaidar zamanka a nan. Ta Nijar kuwa ba a wurin 'yan sanda take ba. Tsarin can irin na Faransa ne, kotu ce ke riƙe da kundin hukunce-hukuncen kowane mutum, wanda aka fi sani da kaziye, kuma ana ajiye shi ne a kotun yankin da aka haife shi, ko a ina aka yanke masa hukuncin. Saboda haka babbar kotun Maraɗi za ka nufa, ofishin magatakarda, da takardar haihuwarka da katin ɗan ƙasa da kuɗin tambur, ka nemi takarda mai lamba uku, domin ita ce ake ba wa mai ita, ta ɗaya da ta biyu na alƙalai ne da hukumomi. Ita ma wata uku take yi. Da Faransanci za ta fito, kuma Kanada tana karɓar Faransanci da Ingilishi, don haka ba ka buƙatar a fassara ta. Ka dai tabbatar rubutun sunanka a takardun biyu ya zo daidai da na fasfo, saboda Mahamadou na Maraɗi yakan koma Muhammadu idan ya zauna a Kano.